Baba Lasifika, Wanda Ya Ƙi Juyawa a Bakin Gada

"Ranka ya daɗe, wannan kam ba zan iya ba."

Abin da babana ya faɗa wa shugaban sashensu ke nan, ana gab da zaɓen kansiloli. An ɗauke rumfar zaɓen mutanen tsallaken gada daga makarantarsu, an mayar da ita bayan asibiti. Shugaban ya ce wa babana ya zagaya gari ya sanar, amma in ya kai bakin gada ya juyo. Mutanen can sun cika ƙorafi a kan ruwan famfo da kwata, kuma kowa ya san ba kansila mai ci za su zaɓa ba.

"Kai Lasifika, motar taka ce?"

"A'a, ranka ya daɗe. Amma bakin nawa ne."

Shela ce aikin babana. Tun kafin a haife ni yake fita da sassafe, ya goge lasifikar da ke kan tsohuwar motar hukuma, ya kurɓi ruwan ɗumi, ya yi gyaran murya, sannan ya shiga gari. Rigakafi, ranar shara, ɗaukewar ruwa, duk daga bakinsa ake ji. Lokacin zaɓe kuwa bai taɓa cewa a zaɓi wane ba. Rana yake faɗa, da wuri, da abin da za a riƙo. Yakan tsaya a lungu ya maimaita don matan da ke cikin gida. Yakan ce, "Inna, shugaban ƙasa bai san kwatar ƙofar gidanki ba. Kansila ne ya sani. Ki fito."

Washegari aka karɓe makullin motar, aka tura shi gadin ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru. Da ya dawo gida, mamana ta ajiye masa abinci ta ce, "Malam, wai kai kaɗai ne mai gaskiya a garin nan?"

Ya ce, "A'a. Ni kaɗai aka aika."

Ya je wurin maƙeri aka naɗe masa fallen kwano kamar mazurari, don yin shela. Da an tashi aiki sai ya tsallake gada a ƙafa, lungu-lungu, yana ɗaga murya. Mai faci na bakin gadar ya ba ni labari cewa wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Lasifika, ina motar? Ko ka sayar ka ƙara aure?" Ya ce, "Inna, motar ce ta gaji, ni ban gaji ba. Bayan asibiti ne, kar ki manta katinki." Ranar zaɓe, in ji ma'aikatan asibitin, layin mutanen tsallake har titi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, wanda suka zaɓa bai ci ba. Mai ci ne ya koma da ƙyar, kuma bai manta ba. Amma babu wanda ya je makaranta ya tarar da ƙofa a rufe ya koma gida. Tun daga nan, kowane zaɓe da ƙafa babana ya yi shelarsa. A makaranta ana ce mini 'yar mai ihu da mazurari. Ban taɓa sunkuyar da kai ba. In an faɗa, sai in ce, "Ƙwarai, kuma uwarki ma daga bakinsa ta ji."

Baba, kai ne ka nuna mini cewa hana mutum labari ɗaya yake da ƙwace masa ƙuri'a. Kai ne raƙumi, ka ɗauki kaya ba ka yi ƙara ba. Na gode, mutanen tsallake sun gode. Allah ya saka maka da alheri.

Ku kuma masu waya a hannu, abin da ya yi da ƙafa ku a zaune za ku yi shi. Ku binciki inda rumfarku take, ku tambayi mai neman kansila abin da zai yi, ku gaya wa maƙwabciyar da ba ta karatu.

Sai dai ku sani, abin ba kyauta ba ne. A watan jiya babana ya yi ritaya a matsayin mai gadi, ba a taɓa ƙara masa girma ba. Shela ta cinye muryarsa, likita ya ce ba za ta dawo ba. Yanzu in zai kira ni daga ɗaki, tafa hannu yake yi.