Babu Sunan Wada a Sakkin Magada

Aikina bin takardu ne. A nan Makka mu'aƙƙib ake ce mana: ka kawo mini matsalarka, ni in yi maka hawa da saukar ofisoshi. Shekara ashirin da biyu ina wannan sana'a, na ga magada suna cin naman juna iri-iri, amma maganar Wada ce har yau na kasa mantawa.

Wada mai tura keke ne a Harami. Tsofaffin alhazan da ba sa iya ɗawafi da sa'ayi da ƙafarsu, shi yake tura su, tun yana saurayi har gwiwoyinsa suka gama lalacewa. Yanzu ya kai sittin. Matarsa ta rasu ba su haihu ba, abin da ya rage masa a duniya ɗaki ɗaya ne a saman rufin gidan ubansa a unguwar Utaibiyya, ɗakin da shi ya ɗora da hannunsa.

A wani ƙauye kusa da Gaya aka haife shi, kuma shi ne ɗan fari. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi. Iyayensa, Alhaji Idris da Inna Rumasa'u, suka taho aikin hajji suka zauna. Alhaji ya samu takardar zama ɗan ƙasa, ya sayi gida, aka haifa masa Nawaf da Wafa. Wada bai iso ba sai yana ɗan shekara sha shida, tare da kakar, da fasfo mai ɗauke da sunan kakansa a matsayin uba. Da wannan sunan aka yi masa iƙama, wato katin zaman baƙo, ba wanda ya damu ya gyara, tunda duk unguwa an san ɗan waye.

Inna Rumasa'u irin matan da ce. Ba ta taɓa kiran sunan Wada ba, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta zama inda yake zaune. Idan za ta aika masa da abinci sai ta ce, "A kai wa mai ɗakin sama." Idan baƙuwa ta tambaya ko ɗanta ne, sai ta sunkuyar da kai ta ce ɗan Hajiya ne, wato surukarta. Kunyar ɗan fari ke nan, Wada kuma har alfahari yake yi da ita. Ya sha ce mini, "Abdulilah, kai ba ka san irin waɗannan iyaye ba, yanzu sun ƙare."

Bara, ana saura wata uku azumi, Nawaf ya hau rufin. Ya daɗe da daina ce masa Yaya. Ya tsaya a bakin ƙofa da takalminsa ya ce an samu mai sayen gidan, kafin Ramadan a kwashe kaya.

Wada ya ce, "To ni da wa aka yi shawara?"

"Da magada aka yi. Kai babu sunanka a sakki."

Sakki shi ne takardar da kotu take bayarwa bayan mutum ya rasu, inda ake lissafa magadansa. Lokacin da Alhaji Idris ya rasu, shekara talatin da wani abu da suka wuce, Wada yana kwance a asibiti da karaya, saboda haka bai je kotun ba, bai kuma taɓa ganin takardar ba. Bayan maganar Nawaf, ya zo wajena yana dariya. Ya ce yaron nan ƙarya yake yi, ai Inna ce ta je kotun da kanta. In nemo masa takardar kawai ya nuna masa.

Wallahi ni ma na ɗauka aikin kwana biyu ne. Yanzu komai a waya ake dubawa, ka sa lambar katinka duk wata shari'a da ta shafe ka ta fito. Na sa lambar iƙamarsa, babu komai. Na ce masa kada ya damu, tsofaffin takardu ba duka aka shigar ba. Muka je kotu, aka tura mu sashen ajiya. Ma'aikacin ya ce mu ba shi lambar sakkin da ranarsa. Ba mu da ko ɗaya. Wada ya ce ai ya san lokacin, bayan Sallar Layya ne, shekarar da ya karye. Mutumin ya dube shi da haƙuri ya ce ba a neman takarda da karaya. Ya ƙara da cewa ko an samo ta, ba a ba kowa kwafi sai wanda sunansa yake ciki, ko wakilinsa, ko wanda ya shigar da ƙara.

Sau biyar muna komawa. Wada yana dafa bango yana hutawa a kowane lungu, ni ina riƙe masa jakar ledar da ya tara duk wata takarda da ya taɓa mallaka, har da ta allurar rigakafi. Na je wajen Nawaf a shagonsa na roƙe shi lambar kawai. Ya ce in sha shayi, ya ci gaba da danna wayarsa har na gaji na tashi. Na zage shi a zuciyata tun daga nan har na isa unguwar Jarwal.

Wafa ce ta ji kunya. Ta ɗauki hoton saman takardar, inda lambar take, ta turo mini, ta ce kada in faɗi daga inda na samu. Da lambar na rubuta wa Wada ƙara, yana neman a tabbatar shi ɗan Alhaji Idris ne. Bayan mako uku aka fito da tsohon kundin da aka rubuta zaman ranar, aka ba mu kwafin shafin.

Ni na karanta masa, don shi Larabcinsa na baki ne. A kan benci muke zaune a farfajiyar kotun. An rubuta cewa matar mamacin ta halarta tare da shaidu biyu. Alƙali ya tambaye ta 'ya'yan mamaci, ta ce Nawaf da Wafa. Ya tambaye ta ko akwai wani, ta yi shiru. Ya sake tambaya, ta yi shiru. Shaidun, Larabawa biyu maƙwabtan shagon Alhaji, suka ce su ba su san masa wani ɗa ba bayan waɗannan. Aka rufe a haka.

Na zaci zai yi kuka. Sai ya gyaɗa kai yana murmushi.

"Ka gani ko? Ba ta ce babu ba. Ta yaya za ta faɗi sunana a gaban maza? Allah sarki Inna."

Na ce, "Malam Wada, shirun nan ne ya cinye maka gida."

Ya ce ai tana nan da ranta, za ta gyara.

Ranar zama, Nawaf ne ya kawo Inna a motarsa. Ta haura tamanin, amma hankalinta garau, har ta tambaye ni lafiyar mahaifiyata da sunanta. Na durƙusa a gefenta na yi mata magana da Hausa a hankali. Na ce Inna, yau ba ranar kunya ba ce, idan ba ki yi magana ba bawan Allahn nan titi zai kwana. Ta ce ta ji.

Alƙalin matashi ne, kuma ba zan yi masa sharri ba, ya yi adalci. Na nemi izini na bayyana masa al'adar tun daga farko, ya saurara, har ya sa aka rubuta. Ya ce da tafinta ya gaya mata ba sai ta ambaci suna ba. Ya nuna Wada da hannu ya ce, wannan mutumin ita ta haife shi da Idris? Abin da ake so kawai ta ce e ko a'a. Idan ma wannan ya yi mata nauyi, ta gyaɗa kai ya isa.

Wada ya sunkuyar da kansa don kada ya tsare ta da ido. Nawaf yana tsaye a bayanta, hannunsa a kan kafaɗarta. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ɗan Hajiya ne."

Alƙali ya ce ya fahimci Hajiya ta rene shi, haihuwa yake tambaya. Ta ce, "Ni 'ya'yana biyu."

Tafinta ya dube ni kafin ya fassara. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Alƙali ya tambayi Wada ko yana da shaidu da suka san haihuwarsa. Kakarsa ta rasu, tsofaffin unguwa sun rasu, waɗanda suka rage ji kawai suka yi. Aka ce ƙara ba ta tabbata ba, idan ya samu hujja ya dawo.

Muka fito. Raina a ɓace yake. Wada ne yake ba ni haƙuri. Yana cewa mutane sun yi mata yawa, ga alƙali, ga tafinta, ga ni kaina, tsohuwa ce, da mun san haka da an nemi a yi zaman a gida. Yana ta kawo mata uzuri ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na kasa ce masa ya yi shiru.

Nawaf ya tafi ɗauko mota ya bar Inna a inuwa kusa da mu. Rana ta take, tana ta fifita da bakin mayafi. Sai ta ɗago kai ta kalle shi tsaf a ido, yadda ake kallon ɗan maƙwabta, ta ce, "Wada, samo mini ruwa."

Shekara sittin bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya tsaya da jakar ledarsa a hannu, murmushin ya bar fuskarsa a hankali. Bai ƙara kawo mata uzuri ba. Ya ɗingisa zuwa na'urar ruwa ya ciko kofi, ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa ya miƙa mata da hannu biyu. Ta sha, ta mayar masa da kofin.

Kwana tara kafin azumi na taya shi sauko da katifarsa daga rufin.