Wuyan da Ya Ɗauko Mini Turanci

Ranar Asabar ta farko bayan Ista, a shekarar da nake aji shida na firamare, wani tsoho ya ɗaga citta a gabanmu ya ce Turanci ke nan. Muna zaune a kan bencin majami'a da aka jawo ƙarƙashin mangwaro, ƙasa tana ta ƙamshin ruwan farko. Malam Bitrus ke nan, tsohon hedimasta da ya koyar da iyayenmu, ya yi ritaya amma bakinsa ya ƙi yin ritaya. Ya nuna mana jikin cittar da yatsunta, ya ce, "Wannan uwa ne, waɗannan yaranshi. In ka san uwa, ka san yara." Sai ya juya ga allon da ya jingina da itacen ya rubuta port. Ya ce Romawan nan da muke jin labarinsu a Littafi Mai Tsarki, in sun faɗi haka a yarensu na Latin, ɗauka suke nufi. Ya shiga ɓalle yatsun cittar ɗaya bayan ɗaya: transport, a ɗauka a ƙetara da abu, import, a ɗauko a shigo da shi, export, a ɗauka a fitar, yadda ake yi da cittarmu, porter, ɗan dakon tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Ni da nake ganin Turawa zama suka yi suka ƙirƙiro dogayen kalmomi don su wahalar da 'ya'yan manoma, ranar na gane ashe su ma dashe suke yi.

A daidai wannan lokacin yayata Rifkatu tana can bakin rafi da gammo a ka. Ta girme ni da shekara biyu, amma ajinmu ɗaya, don an riƙe ta a gida tana renona sai da na isa shiga makaranta muka shiga tare. Dukanmu za mu zauna jarrabawar shiga makarantar kwana ta gwamnati, kuma kowa ya san a Turanci 'yan ƙauyenmu ke faɗuwa. Shi ya sa Malam Bitrus ya buɗe darasin Asabar. Sai dai tsakanin Ista da jarrabawar nan shi ne lokacin dashen citta, lokacin da ko kaza aka samu da hannu sai an ba ta aiki. Ana fasa iri guntu-guntu, kowane da idonsa, a binne a kunya, sannan a rufe da ɗanyen ganye da ciyawa kafin rana ta busar da idon. Ganyen nan ba ya zuwa da ƙafarsa. Daga daji ake sarowa, a ɗaure dami-dami, a ɗauko a ka. Baba da Mama suna dasawa, mu muna jigila. Da muka kawo maganar darasi, Baba ya nuna ni ya ce, "Ɗaya zai tafi, ɗaya zai zauna. Hannatu ba shi da wuyan kaya." Gaskiya ya faɗa. Ni siririya ce kamar sillen kara, tulun ruwa ma sai na zubar da rabi kafin in iso gida. Ba ƙwaƙwalwata ce ta sama mini wurin zama a bencin nan ba, ragwancin wuyana ne.

Rifkatu ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi gardama ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini: duk uwar da Malam ya bayar, in kawo mata ita da yamma. Haka kuwa aka yi. Sai ta dawo daga gona, ta zuba wa aladu dusa, ta jawo turmi ta fara surfen acca, sannan ta kalle ni ta ce, "To, fasa mini." Ina tsugune gefe ina korar kaji ina zuba mata abin da na ɗebo. Tele na Helenawa ne, nesa. Bio, rai. Graph, rubutu. Dict, faɗa. Tana luguden taɓarya tana maimaitawa, har ya zama kamar waƙar daka. Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin, yanzu kuma ya fi ba ni kunya, shi ne ta fi ni saurin kamawa nesa ba kusa ba. Malam yakan ce kowa ya nemo wa uwar 'ya'ya kafin mako ya zagayo. Ni sai in ƙura wa littafi ido, ita kuwa a hanya take tsinto su: a jikin motocin da ke zuwa kasuwar aladu, a rediyon Baba, a bakin Fasto in ya ɓarke da Turanci a tsakiyar wa'azi. Ita ta fara lura cewa katin sakamakon da muke kawowa gida, report, shi ma ɗan port ne, labari ne da aka ɗauko aka dawo da shi. Ta sauke taɓarya ta shafa wuyanta, ta yi dariya ta ce, "Ashe duk gidan nan ni ne na fi sanin wannan uwa."

Ban ɓoye wa Malam ba. Da ya yaba mini a gaban yara, na ce masa ba ni na samo ba, Sista Rifkatu ce. Washegari bayan sujada sai ga shi a gidanmu da sandarsa. Baba ya tashi ya ba shi kujera, don shi ma ɗalibinsa ne kuma bai manta da zafin bulalarsa ba. Suka daɗe suna magana da yarenmu. Abin da aka tsayar shi ne mu riƙa karɓa-karɓa, Asabar ɗaya tata, ɗaya tawa. Na yi murna har cikin raina, don na ɗauka nauyin da ke ƙirjina ya sauka ke nan.

Asabar ɗin da ta biyo baya Rifkatu ta yi wanka tun da safe, ta shafa mai, ta sa rigar makaranta duk da ba wanda ya ce a sa, ni kuma na naɗa gammonta na bi Mama. Damin farko na kawo shi da kyar. Na biyu ya warware a hanya, na tsaya ina tattara ganye ina zagin igiya. Kafin rana ta take tsaka wuyana ya ƙage, idona yana ganin duhu-duhu, Mama ta same ni zaune a gindin ɗorawa ina kuka ba hawaye. Ta bar dashe ta koma jigila, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aka tashi kunyoyin gefen gabas suna tsirara. Washegari Lahadi, kuma a gidanmu ko sama za ta faɗo ba a taɓa fartanya ranar Ubangiji. Ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe, zabi suka yi tonon da suka ga dama. Ita kuwa Rifkatu, ranar Asabar ɗin ta dawo daga darasi fuskarta kamar an kunna fitila. Uwar ranar scrib ce, rubutawa. Ta tsaya a tsakar gida tana kwaikwayon Malam, da tafiyarsa da gyaran muryarsa, tana fasa mana describe da scripture, har Mama da ke kwance a tabarma don gajiya ta yi dariya. Ban taɓa ganin yayata da farin ciki irin na ranar ba, kuma ita ce rana ɗaya tak da ta zauna a bencin nan.

Ran Litinin da muka taso makaranta ta bi ta gona. Ta tona kunya ɗaya da yatsa, ta ciro guntun iri ya yamutse. Ranar Juma'a, muna wanke-wanke, ta ɗauki gammon daga inda na rataye shi ta ce, "Gobe ki koma lesin ɗin Malam. Citta ba ya jiran Turanci." Na ce a'a, na ce zan koyi ɗaukar kaya, na ce a rage mini damin. Ta ce, "In an rage miki, wa za a ƙara wa?" Da gari ya waye na ɗauki littafina. Na koma. Da citta ta tsiro, gonar ta yi kore shar sai gefen gabas da ya fito da giɓi kamar bakin tsohuwa, kuma duk wanda ya wuce sai ya tambaya. Baba bai taɓa cewa laifina ne ba. Da ya faɗa, da wataƙila na samu abin da zan yi fushi da shi in huta.

Sakamako ya fito, sunana yana ciki, nata babu. A lissafi ta wuce ni, a Turanci ta gaza da kaɗan, don fasa kalma a bakin turmi daban, zama a gwada ka da takarda ana gyara maka daban. Ita ta ɗauki akwatina a ka zuwa bakin titi ranar da zan tafi. Ta shiga makarantar jeka-ka-dawo da ke kusa, ta yi iya yinta, da ƙarfin Baba ya ragu gona ta haɗiye ta gaba ɗaya. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban taɓa jin karin maganar nan ban sunkuyar da kai ba.

Yau ni malamar Turanci ce a wata sakandare a Kafanchan. Rifkatu tana ƙauye da mijinta da 'ya'yanta, gonar cittarta ta fi ta Baba girma, kuma ba ta yarda a tausaya mata ko kaɗan. Bara hannunta na dama ya fara mutuwa, na matsa mata muka je asibiti. Likita ya duba hoton ƙashin, ya yi ta zuba Turanci, ya ce ta daina ɗora kaya a ka. Da muka fito muka zauna a benci muna jiran magani, sai ta zungure ni da gwiwar hannu, ta ce, "To Malama, wancan cervical da yake ta faɗi, fasa mini." Irin muryar bakin turmi sak. Na san amsar, na sha koyar da irinta. Na ce, "Latin ne, Sista. Cervix. Wuya." Ta tuntsire da dariya har mutane suka waigo. "Duk dogon Turancin nan wuya ne kawai? Ai wannan tun muna firamare na sani." Ita tana dariya, ni ina kallon takalmina.

An sare mangwaron majami'a an yi ɗakin taro a wurin, Malam Bitrus ya daɗe da komawa ga Ubangiji. Ɗalibaina yanzu in kalma ta yi musu tsauri waya suke latsawa, kafin ka kifta ido ta ba su ma'ana, ba wanda aka bari a gona dominsu, ba wanda ke bin su bashin zama. Ina yi musu murna, ko da yake wani lokaci nakan so su san daɗin tsintar kalma a jikin mota. Duk da haka kowace sabuwar shekara nakan shiga aji da citta a jaka, daga gonar Rifkatu, ita take zaɓo mini mai yatsu da yawa. Nakan ɗaga ta sama in rubuta port a allo, in ce musu ɗauka yake nufi, sannan in ɗan tsaya kafin in fara ɓallewa. Yaran suna zaton mantuwa nake yi. Turancin a bakina yake, amma ba wuyana ne ya ɗauko shi ba.