Inna Nazifa da Makullin Motar Salisu

A wani ƙauye da ke gefen Tajaye, rabin yaran garin a hannun Inna Nazifa suka faɗo duniya. Ungozoma ce, wajen kakarta ta koyi aikin, daga baya aka kai ta Illela ta yi horo na sati uku, ta dawo da jaka da almakashi. Ba ta iya karatu ba, amma in ta ɗora hannu a ciki sai ta faɗi yadda ɗa ya kwanta. Ta kuma san haihuwar da ta fi ƙarfinta, ba ta riƙe irinta a gida.

A daminar bara, wata Talata, Zara matar Umar ta fara naƙuda tun hantsi. Kafin azahar Nazifa ta gane ɗan a gicciye yake. Ta ce wa Umar ya nemo mota yanzu, sai Illela. Ya samo Salisu, mai tsohuwar motar da ke kai albasa Konni, aka shimfiɗa tabarma a baya aka kwantar da Zara. Suna fita daga gari hadari ya haɗo daga gabas, ba su yi nisa ba ruwa ya kece da tsawa, har Salisu ba ya ganin gabansa.

Akwai wata ƙorama a hanyar da babu gada, siminti kawai aka shimfiɗa a ƙasanta. Da safe yashi ne tsurarsa. Da suka iso, jan ruwa ne ke gudu yana ƙara. Salisu ya sauka ya duba, ya ce mai yiwuwa ba zai wuce taya ba, in an taka da ƙarfi za a fita. Nazifa ta tsinci reshe ta jefa, kafin ta ƙifta ido ya ɓace. Ta san kuma ruwan da ya sauka kan tuddai bai gama gangarowa ba. Sai ta miƙa hannu ta taga ta zare makulli, ta ƙulle a bakin zanenta.

Umar ya durƙusa a cikin laka. “Inna, don girman Allah ki ba shi. A hannunki za ta mutu.”

“Tana iya mutuwa, ɗana, na sani,” ta ce. “In mun shiga kuwa, mu huɗu za mu tahi, da na cikin biyar.”

Ta sa aka kira majo, babban ma'aikacin asibiti, a wayar salula, layin yana yankewa. Da ƙyar aka ji ya ce ambulas za ta zo ta tsaya a wancan bakin, amma ba za ta shiga ruwa ba. Zara ta kama wuyan hannun Nazifa tana roƙon a ƙetare da ita ko a kai ne. Nazifa ta ja tamfol ta rufe ta, tana shafa mata baya, tana ba ta ruwa a murfin buta. Duk abin da ta sani na aikin nan ya ƙare, sai addu'a. Umar ya zage ta, ya dawo ya ba ta haƙuri, ya sake zaginta. Can sai ga amalanke yana juyawa a tsakiyar ruwa, ƙafafu sama, babu jaki. Salisu ya koma ya zauna.

Sai bayan la'asar sakaliya ruwan ya sauko zuwa ƙwauri. Mutanen wani ƙauye da ke wancan bakin suka ɗaura igiya daga bishiya zuwa bishiya, aka ɗauki Zara a kan ƙyauren ɗaki aka ƙetare, ambulas ta kai ta Illela. An yi mata aiki ta rayu. Ɗan, namiji, bai zo da rai ba. Wani ma'aikaci ya ce da sun iso da wuri wataƙila da an same shi, kuma a kunnen Umar ya faɗa.

Nazifa ta yi kwana bakwai ba ta fita ƙofar gida ba. Da ta fito, sai ta canza yadda take aiki. Yanzu daga ruwan farko take bin gida-gida, duk mai cikin da ya tsufa kuma ba ta yarda da kwanciyarsa ba, sai ta matsa a kai ta wajen dangi a Illela ta zauna har ta haihu. Wasu mazan suna yarda, wasu su ce wa zai kai abinci gona. Zara takan aiko mata da fura wani lokaci. Umar kuwa yana gaishe ta in sun haɗu a hanya, amma ba ya tsayawa.