Kawu ya yi wa kifayena noma

Jama'a, yau an yi mini noma a tsakiyar falo!

Kun san akwatin gilashin nan nawa na kifin ado. Ciyawar ruwan da ke ciki, daga Kano na sa aka kawo mini ita har Tanout, na yi ta lallaɓa ta kafin ta kama. A cikinta 'ya'yan kifin ke ɓuya, in ba haka ba manyan su haɗiye su.

To, Kawu Ilu, yayan mahaifiyata, ya zo daga Ollelewa ganin likita, ya sauka wurina. Na dawo daga biro, wurin aikina, da azahar, na tarar ya naɗe hannun riga yana ta murmushi. Akwati fes! Ko ganye ɗaya babu!

Na ce, "Kawu, ina ciyawar?"

Ya ce, "Na cire. Kana ɗan manomi ka bar haki ya rufe maka dabbobi? Ragon maƙwabcinka ya ji daɗinta ƙwarai."

Rago! Ciyawar Kano!

Na leƙa. 'Ya'yan kifi ko ɗaya bai rage ba. Manyan kuwa ciki ya yi tim, suna yawo kamar waɗanda suka fito daga walima.

Kawu ya ce, "Ka gani? Har sun fara ƙiba."

Ya tsaya yana kallona, yana jira. Wallahi da bakina na ce, "Sannu da aiki, Kawu."

Ya ce, "Yauwa, ɗana. Gobe sai in kwashe tsakuwar da ke ƙasan akwatin."