Gyaran da Alhaji Ya Yi wa Kwandonmu

Abin da zan rubuta a nan na samo shi ne daga wurare uku: abin da na gani da idona ina ɗalibi, abin da abokan wasana biyu suka tuna mini, da kuma hirar da na yi da Malam kansa, wanda ya koya mana ƙwallon kwando, bayan na kammala jami'a. Akwai littafin da yake rubuta sakamakon wasanni a ciki, amma gara ta cinye fiye da rabinsa. Saboda haka ba zan ambaci shekara ba, domin mu ukun mun kasa daidaitawa a kan ko muna aji huɗu ne ko aji biyar. Inda na yi shakka zan faɗa.

Malam ya koyi ƙwallon kwando ne a kwalejin horar da malamai. Da aka turo shi sakandarenmu a Illela, darasin labarin ƙasa aka ba shi, babu wanda ya roƙe shi ya koyar da wasa. Shi ya share wani fili a bayan ajujuwa, ya riƙa tsayawa a bakin ƙofa da safe yana duban masu tsawo. Haka ya tara mu: 'ya'yan 'yan kasuwa masu kai da kawo tsakanin nan da Kwanni, 'ya'yan manoma daga Amarawa da Garu, da wani dogon Bafulatani wanda sai da Malam ya je ruga sau uku kafin mahaifinsa ya yarda. Ni gajere ne. An ɗauke ni ne, ina jin, domin ba na fashin zuwa.

Ranar da za a kafa ƙarfen kwando, mai walda ya zo babu tef ɗin awo. Mahaifin ɗaya daga cikinmu, wani Alhaji mai sayar da yadudduka, ya aika aka ɗauko sandar awonsa daga shago. Malam ya ce tsayin da ake so yadi uku ne da kashi ɗaya cikin uku na yadi. Alhaji ya durƙusa ya auna da kansa, ya yi alama da alli, aka liƙa zoben a wurin. Wajen shekara biyu muka yi muna jifa a wannan kwando, kuma mun sha wuya ƙwarai kafin hannunmu ya saba.

Sai shugaban makaranta ya ce yana son filin domin a yi wa baburan malamai rumfa. Malam ya roƙi alfarma guda: za a yi gasar makarantu a Sakkwato, a bar mu mu je. In mun ci wasa ko da ɗaya ne, fili ya zauna. In ba mu ci ba, shi da kansa zai tumɓuke ƙarfen. Shugaban ya yarda yana dariya.

A Sakkwato muka fara ganin fili mai siminti da fenti. Aka busa usur, muka shiga, sai duk jifar da muka yi ta wuce saman zobe. Wata ta bugi ƙoƙuwar allon da ke bayan zoben, wata ta tsallake shi gaba ɗaya ta faɗa cikin 'yan kallo. Wani daga cikin yaran birni ya ɗaga murya ya ce, "Kai, mutanen iyaka! Kwandon ga shi nan, ba a Nijar yake ba!" Wani ya amsa masa, "Ƙyale su, sun saba tsallakar da kaya!" Har alƙalin wasa sai da ya murmusa.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, Malam bai yi faɗa ba. Ya je ya tsaya ƙarƙashin zoben, ya ɗaga kai ya dube shi, sannan ya kira dogon namu.

"Jauro, yi tsalle ka taɓa min wancan."

"Malam, ai ban kai ba. Ko a gida ban taɓa kai ba."

"Na ce ka yi."

Ya yi tsalle, sai ga hannunsa har wuyan hannu a saman zobe. Ya sauko yana duban tafinsa, ya ce, "Mi ya faru? Halan na ƙara tsawo a mota?"

Malam ya ce mana, "Ku rage ƙarfi. Ku jefa kamar kuna miƙa wa ƙanenku mangwaro a kan katanga. In ta gagara, ku ba Jauro."

Mun ci wasan. Abokina ɗaya ya ce da maki biyu, ɗayan ya rantse da huɗu ne, shafin kuwa yana cikin waɗanda gara ta ci. An fitar da mu a wasa na gaba, amma fili ya zauna, aka yi rumfar babura a gindin darbejiya.

Da muka dawo, Malam ya aro tef wurin kafinta. Aka auna, aka tarar kwandonmu ya ɗara ƙa'ida da kusan ɗani guda, wato daga babban yatsa zuwa ƙarami in an ware hannu. Aka gaya wa Alhaji, bai ko ji kunya ba. Ya ce, "To mi na yi? Tunda nike, ban taɓa auna ma mutum yadi ban ƙara mai yatsa huɗu na gyara ba. Balle makarantar da ɗana yake ciki!"

Malam bai sauke zoben ba har ya yi ritaya. Yanzu yana noman albasa wajen Darna, kuma tsofaffin ɗalibansa kan biya su gaishe shi. Ɗaya daga cikin abokaina ya ce Malam ne ya riƙe ƙarfen ranar awo, don haka ya ga gyaran da idonsa, ya yi shiru da gangan domin mu ƙarfafa. Ɗayan ya ce a'a, an kira shi aji a daidai lokacin. Ni ina wurin, amma ban tuna ba. Da na tambayi Malam a gonarsa, dariya ya yi har da riƙe ciki, sannan ya ce in ɗebi albasa in kai wa mahaifiyata. Na sake tambaya, ya sake dariya. Har yau ban sani ba: shin Malam ya san kwandon ya yi tsawo kafin mu je Sakkwato, ko kuwa a can ya gano tare da mu?