Layuka Takwas a Bayan Ƙofa

Shekara ashirin da shida Kawu ya yi yana shafa fenti a gidan yari, kuma duk tsawon shekarun nan malalaci shugabansa yake kiransa. Ƙa'idar aikin ita ce a kankare bango kafin a shafa. Kawu bai taɓa kankarewa ba. Abin da fursunoni suka zana da ƙusa ko gawayi sai ya karanta abinsa, ya bi da burushi a kai. Matarsa takan ce ko a gida haka yake, ba ya share datti, rufe shi yake yi.

Da aka mai da wurin gidan tarihi, sabuwar shugabar wurin ta aiko a kira shi. Ya tafi, a zatonsa tuhuma ce. Ashe so take ya ɓare fentin da ya sha wahalar shafawa, don a ga abin da fursunoni suka zana. Ya yi mitar kwana biyu, sannan ya ɗauki 'yar wuƙarsa.

Ana cikin aikin wata tela ta zo. Tana shekara uku aka kulle mahaifinta a ɗaki na tara, a nan ya rasu, ko hotonsa ba ta da shi. Ta tambaya ko ya bar wani abu. Kawu ya tuna mutumin sarai, amma ya ƙi yi mata alkawari, don bangon ɗakin ya sha danshi. Sati uku yana ɓare fenti shafi bakwai, a hankali kamar mai ɓare dafaffen ƙwai, abinci ma sai an yi masa faɗa.

A bayan ƙofa ya same su: layuka takwas, wani bisa wani, kowanne da shekararsa a gefe. Tsawon 'yarsa mutumin yake kintata duk shekara. Telar ta cire takalmi ta jingina da bangon. Layin ƙarshe ya wuce kanta da taƙi guda.

"Baba ya cika buri," ta ce tana dariya, hawaye na zuba. "Ni gajartar mamata na ɗauko."

Ban taɓa ganin Kawu cikin farin ciki irin na ranar ba. Yanzu shi ke zagayawa da baƙi, yana ta fankama. Na tambaye shi tausayi ne ya hana shi kankarewa ko lalaci, ya ce rabi da rabi.

Telar kuwa duk shekara tana kawo 'yarta ta auna ta. Bana yarinyar ta kai layi na biyar.