Ranar da Inna Ta Ga Auta a Bakin Aiki

Ko da tsufa zai kwashe min komai daga ka, ina jin ba zai iya ɗauke wannan yammacin na lokacin gasar cin kofin duniya ba, ranar da mahaifiyarmu ta tsaya cikin cunkoson Doha tana kallon ɗanta.

Ƙanena ne, shi ne autanmu. Tun yana ɗan sakandare a Zariya ya fi ƙofar ɗakin Inna tsawo, kuma tsawon nan ne ya kai shi filin ƙwallon kwando, daga can wata jami'a a Amurka ta ɗauke shi karatu kyauta don ya buga mata. Da ya gama, maimakon ya dawo gida ya nemi ofis, sai ya shiga yawon ƙasashe. Ya buga a Turai, ya buga a Arewacin Afirka, daga ƙarshe wata ƙungiya a nan Doha ta ba shi kwantiragi. Shi ya sake wa gidanmu rufi, shi ya biya wa Inna Makka. Duk da haka idan aka tambaye ta me Auta yake yi, sai ta ce yana can dai, bai samu aiki ba tukuna. A wurinta ƙato da gemu ya sa gajeren wando yana bin ƙwallo, wannan wasa ne, kuma wasa ba sana'a ba ce. Tana sa masa albarka a matsayinsa na ɗa, amma da an zo kan ƙwallo addu'ar takan koma "Allah ya shirya". Abin yana cinsa ƙwarai. Ya sha faɗa min cewa burinsa ɗaya ne: Inna ta zauna ta ga wasansa ko sau ɗaya, ta sa wa abin albarka kafin ya ajiye.

Mun gama shirin zuwanta ke nan korona ta sauko, aka rufe ko'ina. Auta ya tattaro ya dawo gidan aurena a unguwar Matar Ƙadim, nan Doha. Gadon baƙi ya yi masa kaɗan, sai da maigidana ya jera masa kujera a ƙarshen gadon don ƙafafu. Tukunyar da nake dafa wa gida duka ta koma tasa shi kaɗai, ga tsalle-tsalle a falo har maƙwabcinmu na ƙasa ya hau sama ya tambaya ko gini muke yi.

Da aka dawo wasa, ba a barin 'yan kallo. Muka sa aka haɗa wa Inna waya a Zariya ta kalla kai tsaye. Ranar kuwa ya yi wasa kamar ba gobe. Da na kira ta ina zumuɗi, sai ta ce ta ga kujeru reras babu ko mutum ɗaya, ba ta ji komai ba sai ƙarar takalma. Wai ashe ma ba mai zuwa kallo? Na yi bayanin annoba har na gaji, ta ce to, Allah ya shirya.

Bayan nan gwiwarsa ta samu matsala. Aka yi aiki, ya warke, amma tsallen bai dawo ba. Ƙungiyar ta ce khalas, wato an gama, ba za ta sabunta kwantiraginsa ba. Ana cikin haka wani abokinsa ɗan Zangon Kumasi da ke zaune a unguwar Najma ya samo masa aikin wucin gadi na lokacin gasar cin kofin duniya: tsayawa a bakin tashar jirgin ƙasa da allo a hannu, yana nuna wa baƙi hanya. Sun ce irinsa suke nema, wanda za a hango daga nesa. Mutumin da ya yi digiri a Amurka, yau tsawonsa kaɗai aka ɗauka aiki. Ya karɓa saboda kada zamansa a ƙasar ya lalace, amma don kunya, ko rigar aiki mai ƙyalli da suka ba shi, a jaka yake fita da ita.

Sai a lokacin Allah ya yi zuwan Inna. Baƙo ba ya shiga ƙasar sai da tikitin kallon wasa, don haka matar da ta tsani ƙwallo sai da aka yankar mata tikitin ƙwallon ƙafa kafin ta ga jikokinta. Auta ya roƙe ni idan ta tambaya in ce ya tafi atisaye. Na ce masa ni ba zan yi wa Inna ƙarya ba, amma ba zan tona ba. Washegari da ta neme shi, na ce ya tafi aiki, ina ganin na yi dabara.

Ta ajiye kofin shayinta. "Aiki? Wane irin aiki?"

Ban san lokacin da na zayyana mata komai ba. Ta ce in ɗauko mata hijabinta.

Muka isa bayan la'asar. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba, kowa da tutarsa, wasu sun shafa fenti a fuska, ga ganguna. Can sama da kawunan mutane na hango shi, ya ɗaga allo, yana magana da Turanci, yana juyawa Larabci, har da ɗan Faransancin da ya tsinto a yawo. Mutane suna layi su ɗauki hoto da shi, wasu matasa sun kewaye shi suna masa waƙa suna tafi. Duk shekarun da ya yi yana zuba ƙwallo a kwando, ban taɓa jin an yi masa tafi irin wannan ba.

Yana ganinmu ya sauke allon, ya sunkuyar da kai. Inna ta kutsa ta isa gabansa.

"Ɗaga abinka mana, mutane za su ɓata."

Ya ɗaga. Ta samu gefe ta tsaya, ta hana ni magana. Ta ga ya raka wata tsohuwa mai keken guragu har ƙofa, ta ga ya nuna wa wasu Larabawa inda za su yi alwala, ta ga wani shugabansu ya zo ya dafa shi. Ƙafafuna suka gaji, ita ko a jikinta. A hanyar komawa ta sa na kira mata ƙanwarta a Zariya, ta ce a sanar da dangi Auta ya samu aiki, har da kayan sarki.

Da ya dawo gida ta ce ya durƙusa. Da ƙyar gwiwar ta lanƙwasu. Ta ɗora hannu a kansa ta ce nuna wa ɓatacce hanya sadaka ce, Allah ya yi wa wannan sana'a albarka, ya ƙara masa girma a cikinta. Ta daɗe tana addu'a, ni ina amin ina share hawaye.

Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Inna, aikin fa na wata ɗaya ne."

"Ba komai. Ai an fara."

Ya dube ni, na dube shi, ya fashe da dariya har da hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba. Inna ba ta taɓa ganin wasansa ido da ido ba, kuma bai sake bugawa ba.

Abin da na koya shi ne, kana iya shekara da shekaru kana ƙwanƙwasa ƙofar gaba, Allah ya turo maka buƙatarka ta ƙofar baya, wadda kake jin kunyar a gan ka a bakinta. Iyaye kuma suna sa albarka ne a kan abin da idonsu ya gane. Idan ta zo, kada ka tsaya gardamar ta ina ta biyo, ka durƙusa kawai ka ce amin.